Jirgi mai haɗaɗɗen fiffike: a nuna mana ƙofofinsa tukuna

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan hoton nan da ake ta yaɗawa na sabon samfurin jirgin sama, wanda gangar jikinsa da fikafikansa suka haɗe suka zama abu guda, kamar shirwa ta baje tana shawagi. Autana ne ya kawo mini hoton bayan sallar Magariba, yana ta murna. Ya ce, "Baba, ga jirgin da aka ce rabin man na yanzu zai riƙa sha. Ka ga ke nan kuɗin kujerar Makka zai sauko." Na karɓa, na sa tabarau, na daɗe ina kallo. Shekara 31 na yi ina gyaran jiragen sama kafin in ajiye aiki, kuma idon makaniki ba ya fara sauka a kan kyawun jirgi. Ƙofofi na fara ƙirgawa, daga nan na nemi inda aka ɗaura injina.

Bari in fara da ba wa masu wannan zane haƙƙinsu, domin tunanin nasu yana kan hanya. Jirgin da muke shiga yau, tun daga Boeing 707 da ya fara jigilar fasinja a 1958, siffarsa ɗaya ce: dogon bututu, a manna masa fiffike biyu, a sa masa wutsiya. Bututun nan kaya ne kawai. Kusan bai taimaka wa ɗaga jirgin da komai ba, sai dai iska ta yi ta gogar jikinsa tana ja da shi baya, inji kuma yana ƙona mai don ya rinjaye ta. Wutsiyar ma nauyi ce da jan iska, ana haƙuri da ita ne saboda ita ke daidaita jirgin. To idan aka baje gangar jikin ta yi faɗi ta ɗauki siffar fiffike, sai ita ma ta shiga aikin ɗagawa, fatar jirgin da iska ke shafa ta ragu, nauyin kuma ya bazu a kan abin da ke ɗauke da shi maimakon ya taru a tsakiya yana neman karya gindin fiffike. Wanda duk ya taɓa leƙa inda fiffike ya haɗu da ciki, ya ga irin kaurin ƙarfen da ake zubawa a wurin, zai gane ribar da ake magana a kai.

Tunanin kuma ba na jiya ba ne. A 1929 kamfanin Junkers na Jamus ya ƙera G.38, mai fiffiken da kaurinsa ya isa a zaunar da wasu fasinjoji a cikinsa, suna kallon gaba ta tagogin da aka huda a bakin fiffiken. A Amurka Jack Northrop ya ƙarar da ƙarfinsa a kan jirgin da fiffike ne zalla. Samfurinsa YB-49 ya tashi a 1947, shekara ɗaya bayan nan ɗaya daga cikinsu ya faɗi da mutum biyar, ciki har da Glen Edwards, wanda sunansa aka sa wa babban sansanin gwajin jirage na Kalifoniya. Irin wannan jirgi ba ya tsayawa daidai a iska da kansa, hannun mutum kuma bai isa ya riƙa gyara shi sau da yawa cikin kowace daƙiƙa ba. Sai da kwamfuta ta zo ta karɓi wannan aiki sannan B-2 na sojan Amurka ya tashi a 1989. A daidai wannan lokaci ne injiniya Robert Liebeck da abokan aikinsa a McDonnell Douglas, tare da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka zana irinsa na fasinja. Lissafinsu a kan jirgi mai ɗaukar mutum 800 ya nuna za a rage shan mai da kashi 27 cikin 100 a kan kowace kujera. Boeing ta gaji aikin da ta haɗiye kamfanin a 1997, aka ƙera ɗan ƙaramin X-48B da ake tuƙawa daga ƙasa, faɗinsa bai wuce mita 6 da ɗoriya ba. Ya fara tashi a Yulin 2007, shi da ƙanensa X-48C suka yi tashi 122 kafin a rufe shirin a 2013. Ya tashi lafiya, ya sauka lafiya. Amma har yau Boeing ba ta ƙera na fasinja ba, kuma ya kamata mai karatu ya tambayi kansa dalili, tun da babu kamfanin da zai ga ribar kashi 27 ya kau da kai haka siddan.

Turawan Yamma sun sake waiwayar abin a 'yan shekarun nan. Airbus ta nuna nata ɗan samfurin mai suna MAVERIC a bikin baje kolin jirage na Singafo a 2020, ta ce zai iya rage mai har kashi 20. Jami'ar Delft ta ƙasar Holan da kamfanin KLM, wanda tsofaffin Kano suka san jiragensa sarai, suna aiki a kan Flying-V, inda fasinja 314 za su zauna a cikin fikafikan kansu, su ma kashi 20 suke faɗa. Wanda ya fi kowa tashe yanzu shi ne JetZero na Long Beach a Kalifoniya. A Agustan 2023 rundunar sojan saman Amurka ta ba shi dala miliyan 235 don ya ƙera cikakken jirgin gwaji da aka tsara zai tashi a 2027. Kamfanonin jigilar fasinja na Alaska da United sun zuba kuɗi a ciki, Delta ta ƙulla haɗin gwiwa da shi, an kuma sanar da za a gina masana'anta a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa. Su ne masu maganar rabin mai, a jirgi mai ɗaukar mutum kamar 250.

Na san abin da ya sa maganar rabin mai ke faranta wa ɗana rai, ni ma tana faranta mini. Ba mu manta da watan Mayun 2022 ba, lokacin da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta Najeriya ta yi barazanar dakatar da tashi saboda litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Mai shi ne babban abin da ke cinye kuɗin tikiti a wurinmu. Amma kalmar da masu JetZero suka yi amfani da ita ita ce "har zuwa" rabi, kuma amsar ta dogara da wane jirgi aka ɗora a ɗaya gefen sikelin. In da tsohon 767 aka gwada, dole tazarar ta yi faɗi. In da jiragen zamani irin A350 ko 787 ne, za ta tsuke sosai. Ni na fi natsuwa da kashi 20 zuwa 30 da Airbus da Delft da Liebeck suka ambata, kuma wallahi wannan ma babbar riba ce a sana'ar da ake kwana ana lissafi a kan kashi 1.

Yanzu ga abin da ya hana Boeing. Mai karatu ya tuna jarkar fetur da aka toshe bakinta aka bar ta a rana. Gefunanta masu faɗi sukan kumbura su yi ciki, kusurwoyin su yi fari, wata rana ta tsage. Ya kuma tuna tukunyar gas ta girki, wadda ke riƙe da matsin da ya ninka na jarkar sau da yawa amma ko gezau, saboda zagayayya ce, matsin yana rarrabuwa daidai a jikinta. Jirgin fasinja tukunyar gas ce. A ƙafa 35,000 iskar waje ba ta isa numfashi, sai a riƙa cusa iska a ciki a matse ta, har kowace murabba'in mita ta bangon jirgin ta ɗauki nauyin da ya kusa tan 6. Kowane tashi jirgin ya kumbura, kowace sauka ya saɓe, sau dubbai. Na sha tsayawa a rumfar gyara ana gwajin matsi, ina bin jikin jirgi da ruwan sabulu a buroshi, ina shafa wa layin ƙusoshi da bakin ƙofa, ina jiran in ga kumfa. Wani lokaci tsagar ba ta kai tsawon farce ba, sai ka sa fitila a karkace kafin ka gan ta, ta fito daga ramin ƙusa kamar silin gashi. Irin wannan silin gashin ne ya tarwatsa jiragen Comet na Ingila guda biyu a sama a 1954, kuma daga kansu duniya ta koyi tsoron kusurwa a jikin jirgi. To jirgi mai haɗaɗɗen fiffike jarka ce, rufinsa da daɓensa shimfiɗaɗɗu ne. In an ƙara masa kauri don ya jure, nauyi ya cinye ribar man. Maganin da ake da shi shi ne zaren kabon da ake saƙawa a ɗinke a daskarar da shi da ƙaro. NASA da Boeing sun gwada wani babban yanki irin wannan a cibiyar Langley a 2015, ya jure. Na yarda an kama hanyar warware wannan. Abin da gwajin ɗaki ba zai nuna ba shi ne halin da bangon zai shiga bayan shekara 20 na zafin rana da ƙurar hunturu da bugun motar kaya, domin zaren kabon yakan ɓare daga ciki alhali fuskarsa sumul.

Sai ƙofofi, kuma su ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Doka ta ce duk jirgin da zai ɗauki fasinja sama da 44, sai an nuna cewa kowa zai iya fita cikin daƙiƙa 90, a cikin duhu, da rabin ƙofofi a rufe. Airbus ta yi wa A380 wannan gwaji a Hambog a Maris ɗin 2006, mutum 873 suka fita cikin daƙiƙa 78 ta ƙofa 8 daga cikin 16. Ba don ƙawa aka kafa dokar ba. A ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin alhazai ƙirar 707 ya kama wuta wajen sauka a Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. A Agustan 1980 jirgin Saudiyya ƙirar TriStar ya dawo Riyad da gobara a cikinsa, ya sauka ƙalau a kan tayoyinsa, amma ba a buɗe ƙofa a kan lokaci ba, hayaƙi ya kashe dukkan mutum 301 da ke ciki. A gefe guda kuma, ranar 2 ga Janairun 2024, A350 na kamfanin Japan ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, ya ƙone ƙurmus, amma mutum 379 da ke cikinsa duka sun fita ta ƙofa uku kacal. Tsakanin Riyad da Haneda, ƙofa ce da saurin isa gare ta.

A cikin bututu hanya biyu ce, gaba ko baya. Ko hayaƙi ya rufe ido, mutum ya dafa kujeru ya bi layi zai ci karo da ƙofa, kuma babu wanda ke nesa da bango fiye da kujera biyar. A sabon jirgin kuwa zaure ne mai faɗi, an raba shi sashe-sashe. Dama da hagu babu fita, domin can fiffike ne da tankin mai. Ƙofofin sai dai a bakin gaba da kuma can baya kusa da injina. Masu zanen suna cewa yawan hanyoyi a tsakanin kujeru zai sa shiga da fita su fi sauri, kuma suna da lissafin kwamfuta a kai. Mai yiwuwa suna da gaskiya. Amma ni idan ana wannan lissafi, wata tsohuwa nake tunawa.

Lokacin jigilar alhazai ne, wajen ƙarfe biyu na dare. Na hau jirgi don in sa hannu a littafin gyara, maniyyata sama da 400 suna ta shiga, an fi awa ɗaya ana abu guda. A tsakiyar jirgin na ga wata dattijuwa, daga ganinta ba ta taɓa shiga jirgi ba. An ɗaura mata bel, sai ta so ta miƙe ta gyara jakar guzurinta da ke tsakanin ƙafafunta, bel ɗin ya ƙi sakinta. Tana ta danna ƙarfen da babban yatsa, hannunta jawur da lalle, yana rawa. Na durƙusa na ce, "Inna, ba dannawa ake yi ba, ɗaga wannan marfin za ki yi." Na nuna mata sau biyu, ta gwada da kanta, ya buɗe. Ta dube ni ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. To in wani abu ya faru, ta ina ake fita?" Na nuna mata da yatsa, layi huɗu a gabanta, ta gyaɗa kai ta natsu. Na iya nuna mata ne saboda daga inda take zaune ana hango ƙofar. A zauren nan mai sassa huɗu ko biyar, babu taga kusa da ita, wuta ta ɗauke, mutane suna kabbara suna ture juna, me zan nuna mata? Waɗanda aka yi gwajin Hambog da su mutane ne masu lafiya, sun san gwaji ake yi, suna jin harshen ma'aikatan jirgin. Fasinjan da muka sani ya haɗa da makaho da ɗan jagora, da mai sanda, da mai goyo, da wanda bai taɓa jin kalmar da ake daka masa tsawa da ita ba. Tun ran gini ran zane. In ba a sa irin su Inna a lissafi tun jirgin yana takarda ba, babu yadda za a huda masa sabuwar ƙofa bayan an gama.

Akwai kuma maganar jiri. Jirgi ba ya juyawa sai ya karkata. A 747 wanda ke bakin taga bai fi mita 3 daga tsakiya ba, in jirgin ya karkata da digiri 25 zai ji ya yi sama ko ƙasa da mita ɗaya da 'yan kai. Wanda aka zaunar mita 10 daga tsakiya kuwa, mita 4 zai yi. Shi ya sa na ga hikimar JetZero da ya tsaya a kan matsakaicin jirgi ya bar mafarkin mutum 800. Rashin taga bai dame ni ba, yawancin fasinjan manyan jirage dama ba su da ita.

Injinan an ɗora su a bisa bayan jirgin. Wannan yana da amfani biyu da nake yabawa: jikin jirgin zai tare ƙarar daga mutanen unguwannin da ke kewaye da fili, kuma inji ba zai riƙa zuƙar tsakuwa da yashi daga titin jirgi ba. Na sha sauya fafalolin inji saboda ɗan dutsen da bai kai gyaɗa ba. Amma injin 737 a tsaye nake buɗe murfinsa, in duba mai, in leƙa da tocila, in rufe cikin minti goma. Wanda ke can sama sai an kawo motar ɗagawa, sauke shi kuma sai ƙugiya, mutane suna tafiya a kan rufin da bai son a yar masa da sifana. A filin da ke da kayan aiki ba matsala. A filin da tsani ɗaya ake aro tsakanin kamfanoni uku, jirgi zai kwana a ƙasa.

Abu na ƙarshe da ke ɗaure wa 'yan kasuwar jirage kai shi ne bututu yana miƙuwa. A320 aka yanke aka ƙara masa gaɓa ya zama A321, aka rage ya zama A319, matuƙi ɗaya, kayan gyara ɗaya. Da haka ake mayar da biliyoyin da aka kashe. Sabon jirgin kuwa in ka taɓa cikinsa ka taɓa fiffikensa. Kuma alƙawarin saye da ake ta shela, kamar na United na jirage har 200, mai sharaɗi ne. Concorde ma, jirgin fasinjan nan da ya fi sauti gudu, kamfanoni da yawa sun yi layi a kansa, a 1973 kamfanonin Amurka Pan Am da TWA suka janye, a ƙarshe 14 kaɗai suka yi jigila. Boeing da kanta, mai shekara sama da 100 a sana'ar, ta ƙaddamar da 777X a 2013, ya fara tashi a 2020, aka shiga 2025 ba a ba shi takardar izinin ɗaukar fasinja ba, alhali bututu ne da kowa ya sani. Saboda haka da na ji sabon kamfani irin JetZero yana cewa jirginsa zai fara jigila a farkon shekarun 2030, ina yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya, amma ba zan sa wa ɗana rai da wannan lokaci ba.

Ga yadda nake hangen abin. Jirgin zai zo, domin lissafin iskarsa gaskiya ne kuma tsadar mai da matsin lambar rage hayaƙi ba za su sassauta ba. Zai fara ne da aikin soja, ɗaukar mai da kaya, don abin da sojan Amurka suka ba da kuɗinsu dominsa ke nan, sannan jigilar kayan 'yan kasuwa, inda kwali ba ya jiri ba ya neman ƙofa. Wannan shi ne daidai, a bar bangon nan ya yi shekaru yana kumbura yana saɓewa da kaya a cikinsa kafin a zuba masa rayuka. Mu kuwa da muka saba karɓar jirgi bayan ya yi shekara 15 ko 20 a hannun wasu, sai mu ƙara waɗannan shekaru a kan duk ranar da suka faɗa. Alhazanmu za su iya shigarsa kafin nan idan kamfanonin Larabawa suka saya, kuma wannan ne ya sa maganar ƙofa ta shafe mu kai tsaye.

Roƙona gare ka, Edita, guda biyu ne. In Allah Ya kai mu ranar da jirgin gwajin ya tashi, kada wakilinku ya tsaya a kan hoton tashi. Ya bincika mana ranar da za a cika shi da mutane a kashe fitila a rufe rabin ƙofofi, da shekarun waɗanda aka zuba a ciki, da daƙiƙa nawa suka ɗauka. Na biyu, ku aika wakili Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da sauran makarantunmu, ya tambayi yadda ake koyar da yara binciken zaren kabon da na'urar sauti da yi masa faci. Mu aluminiyam da ƙusa muka iya, kuma 787 da A350 da ke sauka a filayenmu yau rabin jikinsu ya riga ya bar aluminiyam. Autan nawa yana aji uku a fannin injiniyanci, na kuma gaya masa a daren nan cewa ya nemi wannan fanni ya riƙe, ko da sabon jirgin ya makara.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon makanikin jiragen sama,
Daga Kano.